An Kife Tukunya

Ran da mushe ya rufe rajista
ya ce a tafi, sai watan tara,
yara suka kwasa da ihu har bakin mayo.
Ni kaɗai na rage a bayan aji uku
ina kankare ƙanzon ƙarshe.
Na wanke, na kife tukunya.

Shekara shida ina dafa wa lakwal ɗin Bogo.
Ban san baƙi ba, ban san lissafin allo ba,
amma na san mai cinye nasa a tsaye,
na san Garga, mai raba shinkafarsa biyu
ya ƙulle rabi a bakin riga
don ƙanwarsa da ba ta isa shiga ba.
Nakan ƙara masa ludayi in kau da kai,
kada in ba shi kunya.

Hutu ya zo, rumbu na amsa kuwwa.
Muskuwarin bara ya ƙare tun ruwan fari,
dawar bana ko kai ba ta fitar ba,
ran Alhamis kwano ya hau a kasuwa
inda sefar talaka ba ta miƙa hannu.
Wanda ya yanka hutu a tsakar damina
bai taɓa kwana da tafasa tsura ba,
ba ƙuli, ba gishiri, sai ruwan rijiya.

Sati na uku na iske Garga
yana bin shinge yana tsinkar yaɗiya.
Wandon da na sani, yau da igiya.
Ya ƙame, ya sara mini kamar jandarma
wai don in yi dariya.

Ban yi ba.
Daren nan barci ya ƙi ni,
na ji cikina ya yi mini nauyi
da ɗan tuwon da na ci, gaskiya.

Darakta ya tafi Marwa da makulli,
ɗakin ajiya ma ɓera ya yi ƙaura.
Na ce wa Njidda mai gadi, ba hatsi nake so ba.
Ya dube ni, ya dubi sama,
ya ce shi dai bai ga kowa ba,
ya miƙo ta katanga, har da muciya.

Gida gida, tafi guda.
Tasalla mai ƙosai ta ba da gindin mai,
Rahila ta dawo coci da kwanon gyaɗa,
mai injin niƙa ya share ƙarƙashin inji
ya tankaɗe mana abin da ya zube.
Wata ta ce wanda ya haifa shi ya ciyar,
ta ja ƙyaure. Na gode mata,
na kama hanya.

Sai iyaye maza suka ƙi:
ɗansu ba zai yi layin sadaka ba.
Asta ce, 'yar lise, ta warware ƙullin.
Ta jingina allo a jikin dogonyaro,
ta ce darasin hutu ne, kyauta,
kunun kuwa ladan mai ƙoƙari.
Kowane yaro ya zama mai ƙoƙari.
Allah Ya yafe mana wannan ƙarya.

Ranar farko arba'in suka zo.
Ran Asabar saba'in da uku,
ludayi ya taɓa ƙarfe layi bai ƙare ba.
Goma sha ɗaya suka juya, ba su ce komai ba,
shirun nan har yau yana mini tsaye a wuya.

Washegari na ƙara ruwa.
Na sake ƙarawa jibi.
Ƙanwar Garga, Nenne, ta leƙa kofinta
ta ce Inna, ina ganin fuskata ciki.
Na ce sha, kyakkyawa ce,
kada ta huce, 'yar ɗiya.

Da gawayi nake ƙirga a bangon ɗaki,
saura kwana talatin da takwas.
Buhun ya kwanta, ya daina tsayuwa da kansa.
Ban san me zan dama gobe ba,
amma kafin in kwanta
na jiƙa tsamiya.